Tura Waƙa da Sayen Waƙa: Tarken Zancen "Satar Fasaha" Daga Zangon Wagadugu

1.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mawaƙa da furodusoshi da 'yan jarida a ƙasar Hausa tun wajen shekaru goma sha biyar da suka wuce. Maganar ita ce, masu tura waƙoƙi a waya sun kashe kasuwar waƙa, mai sauraro ya daina saye, mawaƙi kuma ya rasa tudun dafawa. An sha maimaita ta har ta kai matsayin da ba a tambayar hujjarta. Wannan takarda za ta yi tarken maganar, wato za ta auna ta, ta fito da inda ta yi gaskiya da inda ta yi rauni.

An zaɓi a dubi al'amarin daga Zangon Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, saboda dalilai biyu. Na farko, Hausawan can suna nesa da Kano da sauran cibiyoyin da ake buga waƙoƙin Hausa, don haka duk abin da ya sami hanyar da waƙa ke bi, su ne yake fara bayyana a kansu. Na biyu, ƙasar Burkina tana da hukumar haƙƙin mallaka da ake buga misali da ita a Afirka, saboda haka ba za a ce rashin doka ne tushen matsalar ba. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, kuɗin da Bahaushe mai sauraro ya saba bayarwa tun zamanin kaset, ladan wanda ya kawo masa waƙa ne, kuma da wuya ya isa hannun wanda ya rera ta. Abin da turi ya rusa shi ne ɗan gajeren zamanin da kasuwa ta fara ciyar da mawaƙi. Da wannan zamani ya wuce, mawaƙi ya koma ƙofar ubangida, kuma ana iya ganin sawun komawar a cikin matanin waƙoƙin kansu.

2.0 Zangon Wagadugu da Hanyar da Waƙa ke Bi

Kalmar zango, kamar yadda ɗalibai suka sani, asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun riƙa ratsa ƙasar Mosi, wasunsu suka zauna, suka yi aure, suka kafa unguwanni. A Wagadugu, unguwar da ta shahara da Hausawa ita ce Zangwatin, a tsakiyar birni, kusa da babbar kasuwa da filin jirgin sama. Idan aka ce Zango a wannan takarda, ana nufin wannan tsohuwar unguwa da jama'arta a duk inda suka koma.

An ce "duk inda suka koma" saboda unguwar ba ta nan yanzu. Gwamnatin Burkina ta fito da shirin da ake kira ZACA, na mayar da tsakiyar birni wurin ofisoshi da manyan shaguna. A shekarar 2003 aka rushe Zangwatin tare da wasu unguwanni maƙwabta, aka ba mutane filaye a bakin gari, wajen Ouaga 2000 da Nioko. A watan Mayu na wannan shekara kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. Ke nan a cikin shekara guda Bazangon Wagadugu ya rasa unguwar da yake jin Hausa a kowane lungu, ya kuma rasa kasuwar da ya saba zuwa neman kaset.

Ya kamata a lura da yadda waƙar Hausa take isa ga irin wannan mutum tun kafin rushewar. Hanya ta farko ita ce rediyo mai gajeren zango, musamman Rediyon Kaduna da sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare. Hanya ta biyu ita ce kaset da direbobi da 'yan kasuwa da alhazai ke tahowa da shi daga Kano ko Maraɗi ko Yamai. Idan kaset ɗaya ya iso, sai mai shago ya sa shi a rikoda mai baki biyu ya kwafa wa duk mai so. Kafin muryar Shata ko ta Ɗanƙwairo ta kai kunnen tsohon da ke zaune a ƙofar gida a Zango, wataƙila an kwafe ta sau huɗu ko biyar, har sautin kalangu ya dusashe. A duk tsawon wannan tafiya ta kilomita fiye da dubu, babu inda aka ware wani kaso aka ce na mawaƙi ne.

3.0 Inda Maganar ta Samo Asali

Zancen cewa musayar waƙoƙi ta kashe saye ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. A shekarar 1999 wasu samari a Amurka suka fito da manhajar Napster, wadda ke ba mutum damar ɗauko waƙa daga kwamfutar wani ta intanet ba tare da biya ba. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta kai ƙara, ƙungiyar mawaƙa ta Metallica ita ma ta kai tata a 2000, kuma a 2001 Napster ta rufe bayan umurnin kotu. Daga 2003 zuwa 2008 kamfanonin suka koma kai ƙarar ɗaiɗaikun mutane, dubbai daga cikinsu, har da ɗalibai. A 2003 ɗin dai kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes, inda ake sayen waƙa ɗaya ɗaya. Duk da haka, kuɗin da faifan waƙa ke kawowa a Amurka ya faɗo daga dalar Amurka biliyan 14.6 a 1999 zuwa kimanin biliyan 7 a 2014.

Ko a can ɗin masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Oberholzer-Gee da Strumpf, a wani bincike da suka buga a 2007, sun ce ba su ga tasirin a zo a gani na musayar waƙoƙi a kan ciniki ba. Stan Liebowitz kuwa ya yi musu raddi, ya ce musayar ce babban dalilin faɗuwar. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ginshiƙin da duk gardamar ta tsaya a kai. A Amurka da Turai akwai sarƙa tabbatacciya: mai saye ya biya shago, shago ya biya kamfani, kamfani ya ba mawaƙi kasonsa bisa yarjejeniya a rubuce. Tsarin yana da tsohon tarihi, tun daga dokar Ingila ta 1710 zuwa yarjejeniyar Berne ta 1886. Idan aka tsinke sarƙar, ana iya lissafa abin da mawaƙi ya rasa. Kuskuren da muke yi shi ne ɗauko hukuncin da aka yanke a kan waccan sarƙa mu ɗora wa tamu kasuwa, ba tare da mun tambaya ko mun taɓa samun irinta ba.

4.0 Abin da Kalmomi ke Faɗa

Tun da ɗaliban harshe ake yi wa wannan bayani, ya dace a fara da kalmomi. Da farko akwai "satar fasaha" da "haƙƙin mallaka". Duka biyun ƙirƙirarru ne, sun shigo ta bakin rediyo da jaridu da hukumomi. Sata a Hausa tana nufin ɗauke abu a ɓoye ta yadda mai shi zai wayi gari babu shi. Wanda aka kwafi waƙarsa kuwa yana nan da abarsa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne cinikin da zai iya yi. Wannan ne ya sa kalmar ba ta cizon mai aikatawa. Yaron da ke zaune da kwamfuta a bakin titi yana cika wa mutane memori ba ya ganin kansa a matsayin ɓarawo, jama'ar unguwa ma ba sa ganinsa haka. A fili yake aikinsa, kuma sana'a ake kiran sa.

Sai a dubi aikatau ɗin da masu sauraro ke amfani da su da bakinsu. A zamanin kaset ana cewa "ɗaukar mini", ko "kwafar mini". A zamanin waya sai aka koma "tura mini", "zuba mini", "sa mini". Duk waɗannan suna zuwa da wakilin suna na mafa'anci, wato "mini", wanda ke nuna aikin da wani ya yi don amfanin wani. Siga ce ta neman alfarma ko ta sa aiki, irin ta "ɗinka mini" ko "niƙa mini". Mai niƙa ba ya sayar da hatsi, ladan injinsa yake karɓa. Haka mai turi yake ɗaukar kansa, haka kuma mai biyansa yake ɗaukarsa. Lokacin da na ziyarci Wagadugu, na zauna a wata majalisa ta tsofaffin mutanen Zango, na tambayi wani dattijo ko yana sayen waƙa. Ya ce: "Malam, ai waƙa ba a sayenta. Memori nake saye, yaro ya zuba mini, in ba shi na goro." Wannan amsa ta taƙaita abin da sashen nan ke son faɗa. A tunanin mai sauraro, abin da ake saye shi ne mazubi, kaset ne ko faifai ko memori. Waƙar da ke ciki kuwa kamar ruwan rijiya ce, ana biyan mai ɗebowa.

Wannan ba hujja ba ce ta halatta aikin. Hujja ce ta cewa duk wanda zai yi wa jama'a wa'azin haƙƙin mallaka, sai ya san cewa harshen da suke magana da shi ya riga ya raba waƙa da mazubinta.

5.0 Wa ke Ciyar da Mawaƙin Hausa?

Za a iya kasa amsar wannan tambaya zuwa zamani uku.

5.1 Zamanin Ubangida

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun kasa makaɗan Hausa bisa waɗanda suke yi wa kiɗa: makaɗan fada, da na jama'a, da na sana'a, da na maza, da sauransu. Rabon kansa yana nuna inda abinci ke fitowa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Ɗan Anace yana da 'yan dambe da masu kallonsu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da sojoji waƙa, kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarin matsayinsa a digirinsa na uku a 1975. Waɗannan mawaƙa an biya su da doki da riga da gona da mota da kujerar Makka. Kamfanoni irin su EMI sun buga faifan garmaho na wasunsu, gidajen rediyo sun ɗauki muryoyinsu, amma ba da wannan suka gina gidajensu ba. A irin wannan tsari, yaɗuwar waƙa riba ce ga mawaƙi. Idan kaset ya kai sunan wani alhaji har Wagadugu da Kumasi, to martabar alhajin ta ƙaru, kuma kyautar da zai yi wa mawaƙin nan gaba za ta fi ta baya. Mai kwafi, ko da bai sani ba, ɗan aike ne.

5.2 Zamanin Kasuwa

Daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wata sabuwar hanya ta buɗe. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙar fiyano ta zama ƙashin bayan fim ɗin Hausa, kuma fim irin Sangaya ya nuna cewa waƙa ɗaya tana iya sayar da kaset har ƙetaren iyaka. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiya. Brian Larkin ya nuna a rubuce rubucensa na 2004 da 2008 cewa injina da hanyoyin da 'yan kasuwar Kano suka kafa don kwafar finafinan Indiya da na Amurka, su ne daga baya suka ɗauki finafinan Hausa suka kai su ko'ina. Wato halattacciyar kasuwar a kan gadon haramtacciyar aka gina ta.

A wannan zamani ne aka sami mawaƙin da ba ya buƙatar sarki ko attajiri. Furodusa zai biya shi kuɗin waƙa sau ɗaya, ko kuwa shi da kansa ya kai wa ɗan kasuwa kundin waƙoƙinsa a yi ciniki. Kuɗin sau da yawa ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a ƙara masa komai idan waƙar ta karɓu. Duk da haka, a karo na farko, tarin talakawa masu sayen kaset da faifai sun zama ubangidan da ba ya neman a ambaci sunansa. Wannan ne ya ba waƙar soyayya da waƙar faɗakarwa filin da ba su taɓa samu ba. Ya kamata a faɗi gaskiya kuma, cewa masu kuka da satar fasaha a lokacin su ma suna ɗaukar karin waƙoƙin Indiya su ɗora kalmomin Hausa ba tare da izini ba, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a wurare da dama.

5.3 Zamanin Turi

Da wayoyi masu ɗaukar memori da Bluetooth suka yi arha, daga baya kuma manhajoji irin su Xender da WhatsApp suka zo, sai mazubin ya daina ƙarewa. Kaset ɗaya yana ɗaukar waƙoƙin sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, duk mai son ƙari sai ya sayi wani. Memori ɗaya kuwa yana ɗaukar ɗaruruwa, a goge a sake zubawa. A nan ne maganar da muke tarke ta yi gaskiya: cinikin faifai ya mutu, shagunan da suka dogara da shi sun rufe ko sun sauya sana'a, kuma mawaƙin da ke jiran ɗan kasuwa ya saya masa kundi ya rasa mai saye. Sai dai zamanin da ya mutu bai wuce shekara ashirin ba a tarihin da ya kai ɗaruruwan shekaru.

Shin mai sauraro ya daina kashe kuɗi a kan waƙa? Bai daina ba. Yana sayen waya, yana sayen memori, yana biyan mai turi, yana biyan caji, yana sayen data. Kuɗin sun sauya hanya ne, sun tafi ga kamfanin waya da kamfanin sadarwa. Dandalin Boomplay ya fara aiki a Nijeriya a 2015, Spotify kuma ya iso Nijeriya da Burkina a 2021, ga kuma YouTube wanda mawaƙan Hausa suka fi dogara da shi. Waɗannan sun maido wa wasu mawaƙa wani kaso. Amma wanda ya saurari waƙa daga memori ba ya cikin lissafin kowane dandali, kuma a majalisun da na zauna a Wagadugu, daga memori ake sauraro.

6.0 Doka da Iyakarta

Ƙasar Burkina ta kafa hukumarta ta haƙƙin mallaka, BBDA, a 1985, a zamanin mulkin Thomas Sankara. Ta yi dokar kare ayyukan adabi da fasaha a 1999, ta sabunta ta a 2019. Wani abin lura a tsarin Burkina shi ne kuɗin kwafin gida. Maimakon a bi kowane mai kwafi ana kamawa, sai a ɗora wani kaso a kan kayan da ake kwafi da su idan za su shigo ƙasa. Jami'an kwastan, waɗanda Hausawan can ke kira duwan, su ke karɓa a madadin hukumar, ita kuma ta raba wa masu haƙƙi, ta ware wani ɓangare don raya al'adu. Idan aka tuna abin da aka faɗa a sashe na 4.0, za a ga cewa wannan dabara ta yi daidai da tunanin dattijon Zango. Shi ya ce mazubi yake saye, doka kuma ta je ta jira shi a kan mazubin.

To amma ina kason mawaƙin Hausa? Kafin kuɗin da aka tara a Wagadugu su isa Kano ko Maraɗi, sai mawaƙi ya kasance ɗan wata ƙungiyar karɓar haƙƙi a ƙasarsa, sai an rubuta waƙoƙinsa a rajista, sai kuma akwai yarjejeniyar musaya tsakanin ƙungiyoyin. A Nijeriya, wadda ta kafa hukumarta bisa dokar 1988 kuma ta sami sabuwar doka da aka sa wa hannu a 2023, ƙungiyoyi biyu, COSON da MCSN, sun shafe shekaru suna shari'a a kan wanda ya cancanci karɓar kuɗin mawaƙa, kuma duka biyun a Legas suke. Makaɗin kukuma ko na kalangu da bai taɓa cika fom ba, ba shi cikin wannan lissafi. Ga kuma matsalar da dokar ba ta san yadda za ta yi da ita ba. Waƙar baka ba ta da mawallafi ɗaya. Akwai jagora, akwai 'yan amshi masu ƙara ɗiya, akwai makaɗa, akwai sanƙira, kuma duk lokacin da aka rera ta sai ta sauya. Wace rerawa ce asali? Wa zai gaji haƙƙin, 'ya'yan jagora ko yaransa da suka ci gaba da kiɗan?

Na ga ɗaya fuskar wannan lokacin da nake karatu a ƙasar waje. Na sami wani tsohon faifan makaɗin fada a ɗakin ajiyar wata jami'a, na nemi kwafi don nazari, aka hana ni saboda ba a san mai haƙƙi ba balle a nemi izininsa. Bayan shekaru na ji wani ɗauka na wannan waƙa a wayar wani mai sayar da goro. Dokar ta kulle waƙar don kare mai ita, turi kuma ya raya ta ba tare da ya biya shi ba. Duka biyun ba su kai wa iyalansa ko anini ba.

7.0 Sawun Turi a Cikin Matanin Waƙa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibin adabi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da kasuwa ta daina biya, mawaƙi ya nemi mai biya tun kafin a shiga situdiyo, kuma ana iya ganin alamu uku.

Alama ta farko ita ce bunƙasar waƙar oda: ta biki, ta suna, ta buɗe shago, ta naɗin sarauta. Irin wannan waƙa an riga an biya kuɗinta, don haka turi ba ya cutar da ita, taimakonta ma yake yi. Alama ta biyu ita ce jerin sunaye. A waƙoƙin zamani da yawa, bayan ɗiya biyu ko uku na ainihin jigo, sai ragowar ta zama gaisuwa ga wane da wane da wance. Ambaton suna tsohon tubali ne a waƙar Hausa, amma a bakin manyan makaɗa yakan zo da asali da kirari da wani hali da ya bambanta mutum da saura. Idan ya zama jeri kawai, to rasit ne aka rera. Alama ta uku ita ce ƙarfin waƙar siyasa. Shaharar da Dauda Kahutu Rarara ya yi tun daga yaƙin neman zaɓen 2015 ta nuna wa matasan mawaƙa inda kuɗi yake. Waƙar siyasa tana son a tura ta kyauta, domin yaɗuwarta ita ce abin da aka biya. Haɗarin shi ne, mawaƙin da ɗan siyasa ke ciyarwa ba zai yi masa zambo ba sai ranar da suka ɓata.

Adalci ya sa a faɗi abin da turi ya kawo na alheri. A 2009 wata kotun tafi da gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma tsare Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, a kan waƙarsa ta Hasbunallahu. Waƙoƙin sun ci gaba da yawo daga waya zuwa waya, domin ana iya rufe shago amma ba a iya bin kowace aljihu. Haka kuma Mdou Moctar, mawaƙin Buzaye daga Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008 da salon situdiyon waƙar Hausa. Waƙoƙin suka bazu a wayoyin Sahel, har Christopher Kirkley ya sa ɗaya a kundin da ya tattara daga wayoyi a 2011, daga nan duniya ta san shi. Ga Zango kuwa, ribar ta fi wannan kusa. Yaron da aka haifa bayan 2003 a bakin garin Wagadugu ya tashi cikin Mosanci da Faransanci, ba shi da unguwar da za ta koya masa Hausa. Wani kaso mai yawa na Hausar da yake ji, bayan ta iyayensa, daga waƙa da fim da wa'azin da ke cikin waya take fitowa. Wanda zai ce a hana turi, sai ya faɗa mana abin da zai ba wannan yaro a madadinsa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa maganar "turi ya kashe sayen waƙa" gaskiya ce idan ana nufin cinikin kaset da faifai na tsakanin 1990 da wajen 2010. Rauninta shi ne tana ɗauka cewa kafin turi mai sauraro yana biyan mawaƙi, alhali a Zangon Wagadugu da wurare irinsa mai kwafi ake biya tun farko. An kuma ga cewa asarar da ta fi girma ba ta tsaya ga aljihun mawaƙi ba, ta shiga cikin waƙar, domin mai biya shi ke zaɓen jigo. Tsarin Burkina na karɓar kuɗi a kan mazubi ya fi kamen masu turi dacewa da al'adarmu, amma ba zai amfani mawaƙin Hausa ba sai an rubuta waƙoƙinsa da sunayen masu su.

A nan ne aikin sassan harsuna yake. Kowane ɗalibi zai iya zama da mai turi ɗaya a unguwarsu, ya rubuta waƙoƙi ashirin da aka fi nema a wurinsa, ya gano wanda ya rera kowace, da shekarar da aka yi ta, da wanda ya biya kuɗinta. Daga nan ya ƙirga ɗiyan da suka tsaya a kan jigo da waɗanda suka tafi ga ambaton sunaye, ya kwatanta da waƙa ɗaya ta Shata ko ta Ɗanmaraya Jos. Wanda ya yi wannan zai tarar da cewa waƙoƙi da yawa a cikin memori ba su ɗauke da sunan mawaƙi ma, sai lamba ko sunan shagon da ya tura su. Mayar wa kowace waƙa sunan mai ita shi ne matakin farko na biyan haƙƙi, kuma wannan mataki bai fi ƙarfin ɗalibi ba.